Ajin ƙasa da kilo 50 a kumite (karawar mutum biyu a karate) na mata: me ya same ku ranar awo da ranar wasa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Saura sati uku in tafi gasar karate ta ƙasa da ƙasa, karo na farko ke nan a rayuwata, kuma an sa sunana a ajin ƙasa da kilo 50. Yau da safe na hau sikeli ya nuna 52.3, tun ɗazu hankalina bai kwanta ba. Dokokin WKF, hukumar karate ta duniya, na karanta su. Abin da nake nema shi ne abin da ya faru da ku waɗanda kuka taɓa tsayawa a wannan ajin ko na 55.

Tsohuwar 'yar ajin 50:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kilo biyun nan su suka kayar da ni. Na yi sakaci sai da ya rage kwana uku, sannan na daina shan ruwa, na riƙa gudu cikin rigar leda. Awo kam na ci shi, har koci ya tafa mini. Washegari na hau tabarma bakina a bushe, robar haƙori tana manne mini a dasashi. A minti na farko na ci yuko biyu da naushi, kowanne maki ɗaya, ina ganin wasa ya zama nawa. Ki tuna tun 2019 wasan manyan mata minti uku ne, da can biyu ne, kuma wannan minti na ƙarshe shi ke tona asirin wadda ta matse jikinta. Ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse. Abokiyar karawata ta ɗago ƙafa ta nufo kaina, ina kallonta ƙuru-ƙuru tana tahowa, hannuna ya ƙi tashi. Ippon, maki uku. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi, don ba fin ƙarfina ta yi ba. In za ki rage, fara yau, a hankali, da abinci da ruwanki, kuma likita ya san abin da kike ciki.

Wata mai wasa a ajin 55:
Ni senshu ne ya koya mini hankali, wato fifikon da ake ba wadda ta fara cin maki ita kaɗai in aka tashi kunnen doki. 'Yan ƙananan ajin nan sauri gare su, a shiga a fita kafin ƙiftawar ido, shi ya sa maki ke wuya. A wani wasa ni da abokiyar karawata mun kai kusan minti biyu ba wadda ta ci, sai ta sa mini naushi ɗaya a ciki. Na rama, aka tashi ɗaya da ɗaya, ina jiran alƙalai su raba gardama. Ina! Ita ta fara cin maki ita kaɗai, wasa nata ne. Wata gasar kuma makinmu daidai, ni ke riƙe da senshu, saura ƙasa da daƙiƙa 15, tsoro ya sa na yi ta ja da baya har na taka waje. Nan take alƙalin wasa ya janye shi, aka koma hukuncin alƙalai, suka ba ta.

Wani koci:
'Yata, shekarunki nawa? In jikinki bai gama girma ba, ni ba na goyon bayan ragin nan. Na taɓa riƙe wata yarinya a 50 shekara biyu saboda son lamba, kullum ba ta da lafiya, laifina ne. Da na mayar da ita 55 sai wasanta ya buɗe. Ki duba Olamfik na Tokyo a Agustan 2021, babu ajin 50, an haɗe shi da 55. Ivet Goranova ta Bulgeriya ta ci zinare, amma Bettina Plank ta Ostiriya, wadda aka sani a ajin 50, ta koma gida da tagulla.

Wata 'yar'uwa:
Ki duba kayanki tun a gida. Kallabin da aka yarda da shi baƙi ne zalla, yana rufe gashi, maƙogwaro a buɗe. Nawa shuɗi ne mai duhu, aka mayar da ni, sai aro na yi a wurin wata 'yar Masar ana ta kiran sunana. Safar hannu, kariyar ƙwauri da ɗamara kuwa, ja da shuɗi duk ki tafi da su.

Tsohuwar 'yar ajin 50:
Na manta abu ɗaya. In an fitar da ke, kada ki tuɓe kaya ki tafi kuka. In wadda ta doke ki ta kai wasan ƙarshe, ana iya sake kiranki neman tagulla.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Koci, shekarata 19. Gobe zan tambayi kocina ko ba a rufe canjin aji ba tukuna. Yayata ta ajin 50, bayan awon wane abinci kika fara ci, kuma awa nawa ne tsakaninsa da wasanki na farko?