Turken da magena ke yakusa ya lalace, ta koma kan kujeru

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema, raina a jagule yake. Magen nan daga gidanmu na ɗauko ta ranar sadakar bakwai ta Innarmu, Allah ya jiƙanta, don ita ce take zuba mata nono a murfin kwano tun tana 'yar mitsitsiya. Tun zuwanta ɓera bai ƙara huda mana buhun gero ba. Sai ta fara yakusar kujerun aurena har soso ya leƙo. Ƙanena da ke jami'ar Wudil ya ga dabara a intanet, ya kafa mata katako a kan falanki ya naɗe shi da igiya, ta kuwa rabu da kujerun kusan shekara. Yanzu igiyar ta tsintsinke ta zazzago ƙasa, katakon yana rawa, ta koma gidan jiya. Hajiya, mahaifiyar maigida, ta ce a sa ta a buhu a kai ta nesa a saki. Shi bai ce uffan ba. Yaya zan gyara abin nan?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Ni kafinta ne a Gaya. Ba ki faɗi irin igiyar ba, kuma tsawon katakon nawa ne?

Maman Ilham: Irin ta guga ce, shuɗiyar nan ta roba. Tsawon bai kai gwiwata ba.

Baban Sadik: To nan aka ɓata. Igiyar roba santsi gare ta, ba ta kama katako, in ta tsinke kuma zarenta na maƙale wa mage a farce, tana iya haɗiye shi. Ki warware ta duka. Ranar Juma'a a sayo miki igiyar rama a kasuwar Wudil, mai kaurin ƙaramin yatsa. A kafe bakinta da ƙusa a can gindi, a buga kan ƙusar ya nutse, a riƙa shafa farin gam na kafinta ana naɗewa tamau, kowane zagaye biyar a daddoka da hama ya matse. Kada a sa gam ɗin masu gyaran takalmi, warinsa zai kore ta. Katakon ma gajere ne, mage tana son ta miƙe tsaye ta ja jikinta, shi ya sa ta fi son hannun kujera.

Anti Zulai: Ni dai mage ta fita a raina. Ta maƙwabta ta cinye min 'yan tsaki shida a daminar nan, da na yi magana aka ce ba ni da haƙuri. Har yau ba ma gaisawa sosai. Ki bi maganar Hajiya ki zauna lafiya, dabba ba ta kai aure ba.

Ummu Hanifa: Haba Anti, ai hadisi ya zo a kan matar da ta shiga wuta saboda mage da ta tsare ba ci. A jefar da ita a daji ma alhaki ne. Maman Ilham, kada ki cire tsohuwar igiyar duka. Mage na barin ƙamshinta daga tafin ƙafa a inda take yakusa, in kika sabunta komai ba za ta gane nata ba ne. Tawa sabon kafet na sa mata, ko kallonsa ba ta yi ba.

Baban Sadik: Ummu Hanifa, kafet daban, rama daban. Katakon da kansa ya riga ya ɗauki ƙamshinta. A cire robar nan.

Maman Ilham: Malam, igiyar nan fa ta yi shekara, ba ta taɓa cutar da ita ba. Kuma yaron da kuɗin makarantarsa ya saya, ba zan ce masa ya yi kuskure ba. Akwai ragowarta a ɗaki, na ɗauka ita zan ƙara.

Baban Sadik: Ko da zinare kika naɗe, muddin yana rawa ba za ta koma ba. Ki juya falankin ki duba, wataƙila gara ta ci gindin.

Anti Zulai: Ni tambayata, me maigidan ya ce?

Maman Ilham: Na duba, akwai ƙasa-ƙasa a ƙasan falankin. Amma ba ni da kuɗin sabon katako sai an sayar da gyaɗa, Hajiya kuma ta ce zuwa Asabar. In na lulluɓe kujerun da zani kafin nan zai hana ta?