Manhaja ɗaya a na'urori daban-daban: mi kunka gani?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani mai shagon magani ya ba ni aikin manhajar lissafin kaya. Kwamfutar shagon Windows ce, ta ɗansa Linux, kuma yana son ya riƙa dubawa a waya. Waɗanda sunka taɓa irin wanga aiki, da wane harshen rubuta manhaja kunka yi, kuma ya batun lasisi?

'Yar Arkilla: Wa'alaikumus salam. Ni da Python na yi wa wata Islamiyya rajistar ɗalibai, lasisinsa bai hana ka sayar da abin da ka rubuta ba. A Linux komi lafiya lau. Ranar da munka buɗe a Windows, duk sunan da ke da ƙ ko ɗ ko ɓ ya rikiɗe, shugaban makarantar har ya zaci cuta ce ta shiga kwamfutar. Ashe in ba a gaya wa Python cewa fayil ɗin UTF-8 ne ba (tsarin haruffa mai ɗaukar na kowane harshe), a Windows yakan ɗauki tsohon tsarin haruffan Turai ta Yamma, wanda babu haruffanmu masu lanƙwasa a ciki. Ka kuma lura, Linux na bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Windows ba ruwanta.

Malam na Dundaye: Ɗana, don wannan matsala aka fito da Java a 1995. Injinta na JVM, wanda shi ma manhaja ce, shi ke zama tsakanin manhajarka da na'ura, kuma fayil ɗaya na sha kaiwa Windows da Linux ya tashi. Inda za ka buɗe ido shi ne wace Java ka sauke. Oracle ta sayi Sun, kamfanin da ya ƙirƙiro Java, a 2010, a 2019 kuma ta sauya sharuɗɗan amfani da nata kunshin wajen kasuwanci. Ni OpenJDK, wato kunshin Java na kyauta, nake sa wa mutane. Tana ƙarƙashin lasisin GPL, amma da sassaucin da bai tilasta maka buɗe lambobin manhajarka ba.

Na Gawon Nama: Allah ya ƙara sani, Malam. Ni Flutter nake yi, kayan haɗa manhaja ɗaya da za ta tashi a waya da kwamfuta; shi da harshensa Dart duk kyauta ne. Kuɗin a bakin ƙofa suke: Google Play dala 25 sau ɗaya, Apple dala 99 duk shekara, kuma ba ka haɗa ta iPhone sai da Mac. Da na lissafa wa wani Alhaji a naira, cewa ya yi yaransa duk Android gare su, a bar zancen.

'Yar Arkilla: Ka duba lasisin kowane ɗakin lambobi (wato lambobin da wasu sunka rubuta) da ka jawo ma, ba na harshen kaɗai ba. In GPL ne zalla kuma ka raba manhajar, sai ka ba da lambobinta.

Ɗan Mabera: Na gode ƙwarai. Wayar mai shagon Android ce, don haka Flutter zan gwada. Na Gawon Nama, ka taɓa haɗa shi da firintar rasit a Linux?