Ya sake ni ta WhatsApp, ya ce zai buga mini huruji (bizar fita daga Saudiyya) ya riƙe yara: ta ina zan fara?

Maman Amira, Jidda:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin dokar ƙasar nan ta Saudiyya ku taimaka mini. Shekararmu tara da aure, a Kano aka ɗaura, ya yi mini istiƙdam, wato bizar kawo iyali, na zo. Ni da yaranmu uku duk muna ƙarƙashin igamarsa, wato takardar izinin zamansa, babbar shekararta takwas, autan bai cika biyu ba. Yau kwana goma da ya turo mini saƙo ta WhatsApp cewa ya sake ni saki uku, ya kwashe kayansa ya bar gidan. Bai taɓa sakina ba kafin wannan. Yanzu ya aiko wai zai buga mini huruji niha'i, wato bizar fita gaba ɗaya, in koma gida, yara kuma su zauna wurin mahaifiyarsa a Makka. Fasfunanmu duk suna hannunsa. Dama wata bakwai rabonsa da ba da kuɗin cefane, yayana ne ke turo mana daga Madina. Ya ce in na sa hannu a takardar yafe riƙon yara zai ba ni kuɗin jari. Me ya kamata in yi?

Abu Yasir, Makka:
Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, Allah Ya kawo miki mafita. Kafin komai, kada ki sa hannu a wannan takardar, ko wa ya kawo miki ita.

Sai maganar sakin. Mu da muka taso a kan Malikiyya mun san saki uku a kalma ɗaya ya tsinke igiya gaba ɗaya. Kotun nan ba haka take ƙirga shi ba. Dokar iyali ta Saudiyya, wadda ake kira Nizamul Ahwalis Shakhsiyya, ta fara aiki a 2022, kuma ta ce duk sakin da aka haɗa shi da adadi, ko aka maimaita shi a zama ɗaya, saki ɗaya ne. Saki a rubuce yana aukuwa, don haka saƙon nan abin dubawa ne. Amma tunda shi ne na farko, a idon kotu saki ɗaya ne na kome. Har ila yau dokar ta ce saki ba ya aukuwa idan mace tana cikin al'ada, ko jinin biƙi, ko tsarkin da ya kusance ta a cikinsa, matuƙar ya san halin da take ciki. Za a iya tambayarki wannan, saboda haka ki rubuta ranar da saƙon ya shigo da halin da kike ciki a ranar tun ba ki manta ba.

Abin da wannan ke jawowa shi ne, muddin kina cikin idda ta sakin kome, ci da sha da wurin kwananki suna kansa. Iddar kuma jini uku suke ƙirgawa a nan, mu kuwa tsarki uku muka sani a gida. Ki zauna a ɗakinki. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da ke, kuma in kika fita babu uzuri zai samu ƙofar cewa ciyarwarki ta faɗi. Sai dai in akwai duka ko barazana, to nan ki kira 1919, layin kai ƙarar cin zarafi a gida, ki fita ki tsira da lafiyarki. Fita daga gidan aure saboda saɓani ba ya zubar da haƙƙin uwa na riƙon 'ya'yanta, wannan a rubuce yake cikin dokar.

Game da abin da ke tsakaninki da Allah a kan saki ukun nan, ki sa waliyyinki ya zauna da malamin da kuka yarda da shi. Ni hukuncin kotu na faɗa miki.

Ummu Khalil, Riyad:
'Yar'uwa, bari in bi miki hanyar kotu daki-daki, don a nan mata da yawa ke ɓata lokaci suna jiran miji ya kawo takardar saki.

Doka ta ɗora masa rajistar sakin cikin kwana 15 daga ranar da ya daina zama na kome, wato in iddarki ta cika bai mayar da ke ba. Amma ke ba sai kin jira shi ba, kina da damar shigar da ƙarar tabbatar da saki da kanki. Komai ta Najiz ake yi, manhajar Ma'aikatar Shari'a, kuma da Nafaz, manhajar gwamnati ta tantance mutum, ake shiga. To ga inda ake samun matsala: da yawa daga cikin matan da ke ƙarƙashin igamar miji, layin wayarsu da sunansa yake, Abshir ɗinsu (manhajar Ma'aikatar Cikin Gida) ma lambarsa ce a ciki. Duk saƙon kotu sai ya tafi wurinsa, ranar zama ta wuce ba ki sani ba. Gobe ki je da igamarki ki sayi layi da sunanki, ki buɗe Abshir naki, ki sa lambarki. Wannan shi ne aikin farko.

Daga nan ki shigar da buƙatunki: tabbatar da saki, hadana wato riƙon yara, da nafaƙa. Ki roƙi nafaƙar wucin gadi da za a riƙa ba ku kafin a gama shari'a, alƙali yana da ikon yanke ta. A Jidda za ki shigar, doka ta ba mace zaɓin kai ƙarar aure da riƙo da ciyarwa a garin da take zaune, ba sai kin bi shi Makka ba. Ƙararrakin kotun iyali ba a biyan kuɗin shari'a a kansu. In wani abu ya shige miki duhu ki kira 1950, layin ma'aikatar ne.

Za a fara tura ku sulhu ta Taradi, dandalin sulhu na ma'aikatar. Kada ki raina wannan matakin. Takardar sulhun da aka amince da ita a can tana da ƙarfin hukunci, in ya saɓa kai tsaye za ki kai ta kotun zartarwa, Mahkamatut Tanfiz. Takardar da dattawan unguwa suka rubuta a falo ba ta da wannan ƙarfin, ko da mutum goma sun sa hannu.

Kan riƙo, jerin dokar shi ne uwa, sannan uba, sannan kakar wajen uwa, sannan kakar wajen uba. Kin ga surukarki ita ce ta huɗu. Alƙali na iya sauya jerin in maslahar yaro ta nuna haka, amma sai an kawo dalili. Yaro in ya kai shekara 15 ya zaɓi inda zai zauna, riƙo ya ƙare a 18. Abin da ke zubar da haƙƙin uwa: ta auri wanda ba muharramin yaron ba, sai in maslaharsa ta sa a bar mata shi, ko ta yi shiru fiye da shekara ɗaya ba ta nema ba babu uzuri. Wannan na biyun shi ke cin matan da ake cewa su koma gida su huta, daga baya a kawo musu yara.

Wata bakwai ɗin nan kuma bashi ne. Ciyarwar mata ta baya ana saurarenta har shekara biyu kafin ranar shigar da ƙara, ta yara kuwa shekara ɗaya kacal. Kuɗin da yayanki ya kashe wa yara ana iya bin uban da shi, in dai da niyyar a biya shi ya bayar. Ya ciro bayanan banki na duk abin da ya turo. Ke ma ki haɗa rasitin haya, na makaranta, na asibiti, na madarar autan. Alƙali ƙarfin aljihun mijin da yanayin rayuwar wurin yake duba ya yanke adadi, kuma ba a cika sauraren neman ƙari ba sai shekara ta zagayo, don haka ki lissafa komai tun farko.

Saƙon WhatsApp ɗin hujja ne. Kada ki goge hirar, kada ki canza waya. Ki ɗauki hotonsa yadda lambarsa da rana za su fito, tunda da Hausa ya rubuta kuma, a kai ofishin fassara mai lasisi a mayar da shi Larabci.

Baban Sadiƙ, Jidda:
Ni maganar igama ce ta fi damuna. Gaskiya ce, mai iyali yana iya buga wa na ƙarƙashinsa huruji niha'i ta Abshir, kuma kwana 60 ake bayarwa a fita. Shi ya sa nake cewa ki shigar da ƙarar cikin satin nan, kada ki bari sai bizar ta fito. Da kin samu lambar ƙara ki je Jawazat, hukumar shige da fice, da ita da kwafin igamarki, ki kuma sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Jidda, har da batun fasfunan da ya riƙe. Ki roƙi kotu cikin gaggawa ta hana a fita da yaran daga ƙasar.

Sannan ki yi wa yayanki na Madina wakala, wato takardar wakilci, ta Najiz tun yanzu da igamarki ke raye, wadda ta ambaci shari'a da karɓar kuɗi. In abu ya ƙi har kika fita, ƙararki ba za ta mutu ba. A takardar sulhu kuma a rubuta wa zai biya kuɗin murafiƙin na yara, wato harajin waɗanda ke ƙarƙashin igamar wani, riyal 400 ne duk wata kan kowane ɗaya, uku kenan 1,200. In ba a biya ba igama ba ta sabuntuwa, makaranta da asibiti su tsaya.

Maman Amira, Jidda:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. To in kotu ta ba ni riƙo, zan iya komawa Kano da su gaba ɗaya?

Ummu Khalil, Riyad:
Nan ne wurin da ya fi wuya. Uwa ko uban da ke riƙo ba ya fita da yaro waje fiye da kwana 90 a shekara sai da yardar ɗayan. Hukuncin hadana kaɗai bai ba ki izinin ƙaura da su ba. Tunda shi ne ke son ki tafi, ki ɗora maganar a teburin sulhu: ko dai ya yarda a rubuce ki tafi da su, a faɗi nafaƙarsu da ranar wata da asusun da za a riƙa turawa, ko kuwa a samar miki hanyar zama. In ya ƙi duka biyun, ki bayyana wa alƙali cewa mai neman raba ki da su shi ne mai riƙe da igamarki. Ko da za a koma maganar hul'i ma, doka ta hana a sa yafe riƙon yara ko haƙƙinsu ya zama fansa.

Hajiya Babba, Shara Mansur, Makka:
'Yata, duk abin da suka faɗa miki ki bi, amma ki sanar da mahaifinki ko wanda ke matsayinsa yau ɗin nan, kada su ji a bakin wasu. Ki kame bakinki a gaban yara, ta shekara takwas ɗin nan tana jin komai. Kakarsu kuma kakarsu ce har abada, kada ki hana ta jin muryarsu. In an zo rubuta ziyara kada ki yarda da "duk lokacin da ya so". A sa rana, a sa awa, a faɗi wanda zai ɗauko da wanda zai mayar, a raba sallah ƙarama da babba da hutun makaranta. Kayan ɗakinki da gwal ɗinki ki ɗauke su a hoto, ki rubuta su a gaban shaidu biyu kafin ranar kwasar kaya.

Abu Yasir, Makka:
Ƙari ɗaya. In ya mayar da ke cikin idda bayan an yi rajistar sakin, shi ma komen sai ya yi masa rajista cikin kwana 15. Ranar da iddarki ta cika ki shiga Najiz ki duba matsayin aurenki da idonki, ki sauke takardar ki ajiye kwafi wurin yayanki.