Na ce wa tsohuwa "unchi", tun jiya hankalina bai kwanta ba

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekararmu 2 a Nagoya, ƙasar Japan, maigidana ya zo karatu na biyo shi da yaronmu. Da ƙyar na samu izinin aikin awa 28 a mako, na shiga wani gidan kula da tsofaffi. Rabin Japanancina a bakin yarona na tsince shi, shi kuma daga gidan renon yara yake kwasowa. Jiya na tambayi wata tsohuwa ko ta yi "unchi". Ta kau da kai, shugabar aikinmu ta ja ni gefe ta yi ta magana da sauri, "shitsurei" kawai na kama, wato rashin ladabi. Me zan ce gobe?

Tsohon ɗalibi a Osaka: 'Yar uwa, kamar ki tambayi kakarki ko ta yi tutu ne. "Unchi" (tutu) da "oshikko" (fitsari) kalmomin yara ne, "unko" kashi ne tsirararsa. Ki riƙe "haiben" na bayan gida, "hainyou" na bawali, ki huta.

Wata ma'aikaciyar jinya: A'a Malam, waɗannan na rubutawa a takarda ne. Da baki mukan ce "otsuuji wa arimashita ka", wato "an samu yin bayan gida?", fitsari kuma "oshousui".

Tsohon ɗalibi a Osaka: Hajiya, na daɗe a ƙasar nan. Gara kalmar asibiti da raini. Ko "daiben" (bayan gida) da "shouben" (bawali) ta ce, manyan kalmomi ne, harafinsu na farko ne ma a jikin maɓallin ruwan masai, babba da ƙarami.

Maman 'yan biyu: Ni abin da ya ƙona mini rai, gudawa ta kama ɗana, na je asibiti na ce "kuso", wato kashi, don a majigin yara na ji ta. Ashe har zagi ake yi da ita. Babu wanda ya gaya mini "geri" ake cewa, kallona kawai suka yi.

Mai tambaya: Amma wallahi da kunnena na ji abokiyar aikina ta ce wa wani dattijo "oshikko", ya amsa mata. Ba raini na yi ba.

Wata ma'aikaciyar jinya: Wanda mantuwa ta kama wani lokaci wannan kalmar kaɗai yake ganewa. Ita tsohuwar taki hankalinta ƙalau ne?

Mai tambaya: Ƙalau. To amma wa ya koya mini? Rana ɗaya aka nuna mini aikin. In ba ta haƙuri ne, ko in yi shiru in canza kalma?

Tsohon ɗalibi a Osaka: Na gaya miki, "haiben".