Iyalina ta ce ban iya kalamai irin na Mainasara ba, in hana ta kallo ne?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah a sakaya sunana. Shawara nake nema, kuma ina roƙo kada a mayar da ni abin dariya, don abin ya tsaya min a rai.

Ni tela ne a Kano, shekararmu shida da aure, yaranmu biyu. Iyalina mace ce mai kamun kai, ban taɓa kama ta da wani abin assha ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya kai zancen inda ban kai shi ba. Matsalar kallo ce. Tun da jarumi Sadiq Sani Sadiq ya fito a fim mai dogon zango na Labarina a matsayin Mainasara, muka koma mu uku a gidan. Ranar Juma'a da daddare ko sallama na yi sai na maimaita. Zan same ta ta jingina wayar da filas ɗin shayi, ta zuba tagumi, wani lokacin har da hawaye. In ta gama sabo ta koma tsofaffi. Datar da nake sa mata ta wata guda ba ta kai sati biyu.

Duk wannan na shanye. Juma'ar da ta wuce na dawo wajen ƙarfe goma, tun safe ina kan keke, bayana kamar zai tsinke. Aka ajiye min tuwo ya huce, miyar har man ya kwanta a sama. Na yi magana. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kai dai kullum faɗa. Ji yadda bawan Allahn nan yake wa mace magana, ko sau ɗaya ka taɓa gaya min irin haka?" Raina ya ɓaci na fizge wayar, sai ga hotonsa a fuskar wayar, inda a da hoton yaranmu yake. Na goge hoton, na goge YouTube ɗin, na jefa wayar a aljihu. Yau kwananta huɗu a durowar kekena a shago. Ita kuma daga gaisuwa sai ajiye abinci, ko tari ba ta ƙarawa.

Shi jarumin ba ni da matsala da shi, sana'arsa yake yi. Tambayata ita ce, in hana kallon gaba ɗaya ne, ko in kai maganar gidansu? Wani abokina ya ce in sayo mata ƙaramar waya mai tocila in huta.

Ɗan sahu:
Oga hana kawai, ba sai ka nemi shawarar kowa ba, gidanka ne. Waɗannan fina-finai masu dogon zango su suka hure wa mata kunne. Kowace yarinya yanzu jira take wani attajiri ya ɓad da kama ya zo mata a talaka. Ni da nake talakan gaske in na je zance sai a riƙa leƙen bayana ko akwai jerin motoci. Ai ko Hukumar Tace Fina-finai ta Kano sai da ta dakatar da guda 22 a watan Mayun 2025, har da shi Labarinan.

Malamar firamare:
Ɗan sahu, gyara zancenka. An dakatar da su ne saboda ba a kai su an tace ba kafin a sake su, kuma daga baya aka sasanta suka ci gaba. Ba cewa aka yi suna kashe aure ba.

Mai tambaya, ni tambaya ɗaya gare ni kafin in ce komai. Ƙarfe nawa kake fita, ƙarfe nawa kake dawowa? Sannan ran Asabar da Lahadi ina kake zuwa bayan la'asar?

Mai tambaya:
Malama ina fita bakwai da rabi, in dawo tara ko goma. In Sallah ta matso a shago nake kwana. Asabar da Lahadi in akwai wasa ina zuwa gidan kallon ƙwallo, ba zan ɓoye ba.

Malamar firamare:
To hoton wa ke kan taka wayar?

Mai tambaya:
Saka ne na Arsenal. Amma ai wannan daban, namiji ne ɗan'uwana.

Uwar 'yan biyu:
Ƙanena, na yi dariya amma ba kai nake wa ba, mijina na tuna. Bari in gaya maka abin da ba za ta iya gaya maka ba. Macen da ke cikin gida tun bakwai na safe har goma na dare, daga wanke-wanke sai shara sai kukan yara, ba ta ji muryar babban mutum yana mata magana mai daɗi ba duk yinin nan. Kai a shago ka yi hira da abokan aiki, ka yi musun ƙwallo, masu kawo ɗinki sun shigo an yi raha. Ka dawo bakinka ya gaji da magana, ita kuma nata bai ma fara ba. Wannan wayar da ka kulle a durowa ita ce maƙociyarta kuma ita ce dandalinta.

Ka sake karanta maganar da ta yi maka. Ba ta ce ba ka da mota ba. Ba ta ce ba ka da gida irin nasa ba, alhali duk Kano an san Mainasara da dukiya aka san shi a shirin. Cewa ta yi ba ka taɓa gaya mata irin kalaman ba. Da kuɗinsa take so da kuɗi za ta yi maka gori. Abin da ta nema ko sisi ba za ka kashe ba.

Ban wanke ta ba fa. Miji ya dawo a gajiye a ba shi tuwo mai sanyi, a kuma bi shi da kwatance da wani namiji, wannan rashin dabara ne, in ƙanwata ce sai na ja mata kunne. Amma kai gidansu kan wannan? Ka tsaya gaban surukinka ka ce masa me, ɗan fim ya fi ka iya magana? Wallahi ƙannenta sai sun shekara suna kiranka Mainasara a bayan idonka.

Tsohon mai shagon kaset:
Yaro, ni na yi shekaru ina bayar da hayar kaset tun ana zuwa da bidiyo a ɗaure a bayan keke, don haka wannan ciwon na ga farkonsa. Lokacin da Sangaya ya fito, kaset ɗin ba ya kwana a shago, sai an rubuta suna an bi layi. Kuma kada wani ya ruɗe ka wai mata ne kaɗai. Samari ne suke cika min shago suna tambayar fostar Fati Muhammad, su kai ɗaki su manna a jikin bango kusa da kalanda. Da Wasila ya zo aka sake sabon hauka. Akwai magidancin da ya zo har shago yana min faɗa wai na ba matarsa kaset ta ƙona masa miya, kafin ya tafi shi ma ya karɓi na biyun ya sa a aljihun babbar riga.

Ranar da Ahmad S. Nuhu ya rasu a hatsarin mota, farkon Janairun 2007, mata a unguwarmu kuka suka yi kamar ɗan ɗakinsu. Haka da Ibro ya rasu a Disambar 2014, wannan kam har mazan. Allah Ya jiƙansu. Yau ka tambayi 'yar shekara goma sha biyar wane ne Ahmad, sai ta tsaya tana kallonka. Kowane zamani da nasa gwanin, ya yi tashensa ya wuce, matan kuma suna nan a ɗakunan mazajensu, wasu har da jikoki.

Bambancin kawai, mu a lokacinmu kallo na taro ne. Talabijin ɗaya a tsakar gida, uwargida da amarya da yaran maƙota duk a tabarma, fim ya ƙare a mayar da kaset. Yanzu kowa da tasa a tafin hannu, kuma labarin ba ya ƙarewa, zango na bin zango. Shi ya sa abin ya fi shiga rai. In ka mayar da kallon na gida gaba ɗaya, rabin zafin ya tafi.

'Yar Zariya:
Ni dai a bar wa Sadiq kayansa. In ya yi shiru ya kalli mutum, idonsa kaɗai ya gama maganar. Kuma ba rawar masu kuɗi kaɗai ya iya ba, a sa shi ɗan ƙauye ko ɗan tasha duk zai zauna daram.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya a yi dai a hankali, akwai Sarki a garin. Ali Nuhu tun kafin a san YouTube yake jan zarensa, ya yi na Hausa ya yi na Kudu, ga shi tun Janairun 2024 shi ke shugabantar Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Mu nan Nijar ko tsohuwa ka tambaya ta san shi.

Ɗan sahu:
Duk ku gama, in ana maganar farin jini a wajen matasa Adam Zango ne.

Mai kula da zaure:
Jama'a, bawan Allah ya kawo matsalar gidansa kun mayar da wajen filin musu. Mai son wannan ya buɗe nasa zancen daban.

Mai riƙe fitila:
Na yi aikin lokeshin, wato wajen ɗaukar fim, na ɗan lokaci, ina riƙe fitila da jan waya. Malam tela, kalaman nan da suka hana ka cin tuwo da zafi, wani marubuci ne ya zauna ya tsara su a takarda, ƙila ma yana rubutawa yana tunanin kuɗin haya. A wajen ɗauka jarumi zai faɗi layi ɗaya sau biyar sau shida, darakta na cewa a sake, janareto na ƙara, kowa na zufa, ita jarumar da ake wa kalaman tana hamma tana jiran a kawo abinci. Sai a ɗakin tace hoto a ɗora kiɗa mai sanyi a ƙasa, shi ne kake ganin mata na share hawaye.

Ka duba shi kansa Labarinan. Da aka fara a 2020 Nafisa Abdullahi ce Sumayya, da ta bar shirin aka kawo Fati Washa ta ci gaba da zama Sumayya. An yi ta surutu, daga baya aka saba aka ci gaba da kallo. Iyalinka Mainasara take so, shi kuwa Mainasara a takarda yake zaune. Ko shi Sadiq ɗin in an ce kat, cire rigar yake ya koma harkar gabansa.

Almajirin malam:
Ɗan'uwa, ta yi kuskure wajen ɗora hoton namijin da ba muharraminta ba a wayarta. Umarnin runtse ido a Suratun Nur ya hau kan maza a aya ta 30, ya hau kan mata a ta 31. Ka gaya mata wannan cikin lalama, kai da ita, ba a gaban yara ba. Amma ka haɗa da wannan: ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya tsaya ya kāre Nana A'isha da mayafinsa tana kallon Habashawa suna wasa da masu a masallaci, bai gusa ba sai da ita ta gaji da kanta. Bai ce ta je ta kalla ita kaɗai ba, tsayawa ya yi tare da ita. Ka mayar mata da wayarta. In ka sayo mai tocila, gidan maƙota za ta koma kallo, ka ga an ƙara wata matsalar.

Amarya a Kaduna:
Ƙarin bayani kan data: ka daina sa mata ta kalla kai tsaye da babban hoto. A YouTube ɗin akwai inda ake rage ƙarfin hoton, ka sa shi a 360, a waya ba za ta ga wani bambanci sosai ba, datar kuma za ta yi auki. Sannan ku yi ƙa'ida, abinci a kula mai riƙe zafi kafin a kunna komai.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya bar zumunci. Na dawo in ba ku labari. Shekaranjiya na rufe shago da wuri, na tsaya na sayi tsire, na kai mata wayar. Na ce ta yi haƙuri da fizgewar da na yi, ita ma ta ce in yafe mata, ta ce maganar tana fita ta san ta yi ɓaranɓarama. Na gwada gaya mata irin kalaman da Uwar 'yan biyu ta ce, harshena ya sarƙe, abin da ya fito kawai shi ne miyarta ta fi ta kowa a unguwar. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Na ce to a kunna min in ga wannan Mainasaran. Ta ce a'a, wanda bai san farko ba sai an faro masa daga zango na ɗaya. Mun kalli uku a jere. Maganar gaskiya ni soyayyar ba ta dame ni ba, Rabi'u Rikadawa ne ya tafi da ni. Wannan Baba Ɗan Audun, akwai wani dillali a layinmu sak shi, har yadda yake lanƙwasa murya in ya hango kuɗi. Sai ƙarfe ɗaya saura muka kwanta, na makara buɗe shago, mai kaftani ya zo ya tarar da ƙofa a rufe.

Hoton yara ya koma kan wayarta. Ta ce saura Saka. Na ce a bari a gama kakar bana tukuna.

Ɗan sahu:
Shi ke nan, mun rasa Oga.

'Yar Zariya:
Malam tela ka dai kai zangon Mainasara tukuna, sai ka dawo mu yi magana.