Shawarwari ga ɗaliban histoloji (nazarin naman jiki a maikuroskop) da fiziyolojin dabbobi (yadda gaɓoɓinsu ke aiki)

Bakin masana ya zo ɗaya kan cewa haddar hotuna ba ta kai ɗalibi ko'ina. A haɗa siffar kowace gaɓa da aikinta. Dubi cikin saniya: bangon tumbi ba ya fitar da ruwan narkar da abinci, ƙananan halittu irin su bakteriya ne ke ruɓar da ciyawa a ciki, bangon kuma ya tsotsi abin da suka samar. Sai a aljihu na huɗu na cikin, abomasum, ake fitar da asid ɗin narkar da abinci.

Wajen shirya naman da za a duba a maikuroskop aka fi jan kunne. Kada kaurinsa ya wuce milimita 4, a jefa shi cikin fomalin (ruwan maganin hana ruɓewa) mai ƙarfin kashi 10 nan take, ruwan ya ninka naman aƙalla sau 10. In aka yi jinkiri, ko yankan ya yi kauri, tsakiya za ta ruɓe kafin maganin ya ratsa. Bayan an daskarar da shi cikin kakin farafin, a yanka shi da kaurin maikuromita 4 zuwa 5 (maikuromita 1,000 ne milimita ɗaya). Sai rini: hematoksilin na rina cibiyar ƙwayar halitta shuɗi, iyosin kuma ya mai da sauran sassan launin ruwan hoda.

A maikuroskop, a fara da gilashin 4x (mai ƙara girma sau 4) kafin na 40x. Masu gaggawa kan ɓata a nan. Man da ake ɗigawa a kan samfurin kuwa na gilashin 100x ne kaɗai.