Muhawara: Francis Marion gwarzon 'yanci ne ko a'a?

Malamin Tarihi: Salamu alaikum jama'a. Ni dai har gobe ina kan bakana, ba don irin su Francis Marion ba, a yaƙin neman 'yancin kan Amurka, da Ingila ta riƙe jihar Karolina ta Kudu. Ku duba fa, Mayun 1780 birnin Charleston ya faɗa hannun Ingila, shi Allah ne ya kuɓutar da shi don ya karye a idon sawu an fitar da shi daga gari jinya, Agusta kuma aka tarwatsa rundunar Janar Gates ta Amurka a Camden, sai ga bawan Allah da 'yan sa-kai ƙalilan a cikin fadama, yawanci manoma ba ko albashi, suna sari-ka-noƙe har suka ƙwato fursunoni wajen 150 daga hannun sojan Ingila. In wannan ba gwarzo ba ne to waye?

Auntyn Gida: Wa alaikumus salam Malam. Jarumta kam ban musa ba, amma 'yancin wa? Mutumin nan bayi gare shi a gonarsa ta Pond Bluff, yana yaƙi wai kada sarkin Ingila ya mallake shi alhali shi ya mallaki mutane. Kuma a 1761 yana cikin rundunar da ta ƙona ƙauyukan 'yan Cherokee, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, har da masararsu a gona. Wallahi abin na min ciwo in na ji an ce masa gwarzon 'yanci.

Tsohon Soja: Aunty ki bar ni in yi magana ta fannina. Tarleton, hafsan sojan Ingila, ya bi shi awa 7, mil 26 cikin taɓo, ya haƙura ya juya, daga nan laƙabin Dilan Fadama ya samo asali. Sannan a Fort Watson, wani sansanin sojan Ingila, Afrilun 1781, ba su da igwa ko ɗaya, sai suka sassaro itatuwa suka haɗa hasumiya cikin dare, gari na wayewa masu bindiga na sama suna harbi cikin sansanin, dole sojan Ingila suka miƙa wuya. Wannan ƙwaƙwalwa ce.

Ɗalibi: Malam a gafarce ni, amma ai ba shi kaɗai ba ne, akwai shugabannin 'yan sa-kai irin su Sumter da Pickens, kuma a Fort Watson ɗin ma da sojojin Henry Lee, hafsan sojan Amurka, aka yi

Malamin Tarihi: Gaskiyarka ɗana, na karɓa. Sai dai Aunty ki yi masa adalci, bayan yaƙi da yake majalisar jiha yana cikin masu cewa a sassauta wa waɗanda suka goyi bayan Ingila, a lokacin da kowa ke neman ramuwa.

Auntyn Gida: Ya tausaya wa fararen fata 'yan uwansa Malam. Oscar fa? Bawansa ne da ya bi shi cikin fadamar nan, sauron da ya ciji ubangida shi ya cije shi, shi ke girki, amma sai 2006 aka karrama shi a Washington. Shi kuwa Marion tun tuni aka sa wa garuruwa da tafki sunansa. Ku amsa min wannan tukuna.